Littafin atisayen Auta: shirin shiga gasar matasa ta duniya

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

'Yata Auta za ta cika shekara 13 a watan Janairu, kuma daga ranar da yaro ya cika 13 ne hukumar tanis ta duniya, wato ITF, ke ba shi damar shiga gasanninta na matasa. Shi ya sa na buɗe sabon littafi. Duk abin da muka yi daga yau zuwa lokacin zan rubuta shi a nan, har da kuɗin da ya ci, saboda iyayen da ke tare ni a bakin fili suna tambayar yadda ake yi.

Ga inda muke. Tana shekara 7 ta fara riƙe raket, da jar ƙwallon nan mai laushi ta yara, ta bi ta mai ruwan lemo da koriya kafin ta kai ga ta manya. A 'yan matan da suke sa'anninta a nan Kano babu mai cin ta, sai dai ba na ɗaukar wannan a bakin komai, don gaba ɗayansu ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Fohan ɗinta, wato bugun ɓangaren hannun da take riƙe raket da shi, na da nauyi, ƙafarta na da sauri. Sabis, wato bugun da ake fara kowane maki da shi, ne ciwon kanmu. Har yau da riƙon fohan take yin sa, ta tura ƙwallon a hankali don kada ta fita. A nan gida yana wucewa, amma koci ya ce yarinyar da ta san hannunta za ta tako cikin fili ta kashe shi tun daga bugun farko. Dole ta koma riƙon da ƙwararru ke yi, irin yadda ake riƙe guduma, ta yadda gefen raket ne zai fara tunkarar ƙwallo kafin hannu ya juya.

"Malam, sai dai ka yi haƙuri," in ji shi. "Wasanta zai lalace kafin ya gyaru. Za ta sha kashi a hannun waɗanda take ci."

Na ce na ji, na kuma amince.

Tsarin mako: awa ɗaya bayan sallar asuba kafin makaranta, Litinin zuwa Laraba. Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, awa biyu da yamma. Asabar wasa da maza. Lahadi hutu.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sabis kawai. Da sabon riƙon yawancin ƙwallayen suna karkata hagu, wasu ma ba sa kai wa raga. Ba ta yi magana ba a hanyar gida.

Asabar, 18 ga Oktoba

Lissafin kayan aiki na wannan wata: kuɗin koci naira 60,000, kuɗin fili 15,000, ƙwallaye gwangwani huɗu 52,000, saƙar raket sau biyu 24,000. Takalmi 68,000, kuma na gwanjo ne mai kyau, don sabo ya ninka haka. Filin siminti yana cin takalmi ƙwarai. Na dama ya huje daidai babban yatsa saboda jan ƙafar da take yi in ta yi sabis.

Mai saƙar raket ya so ya sa mata zaren nan mai tauri da manya ke amfani da shi, ya ce ya fi daɗewa, zan huta da kashe kuɗi. Koci ya hana. Zare mai tauri ba ya shanye girgiza, duk tana komawa gwiwar hannu da kafaɗa, kuma ƙashin yarinya bai gama ƙwari ba. Mun zauna a kan mai laushi ko da zai riƙa tsinkewa da wuri.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Jiya wani yaro da ta saba ci ya ci ta 6-3. Ta zo ta same ni a benci, ido ya yi ja.

"Abba, don Allah ka ce wa koci in koma yadda nake yi da."

Na ce mata wannan tsakaninta da koci ne, ni nawa kawo ta da mayar da ita. Da daddare mamanta ta zaunar da ita suka yi magana, ban shiga ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Hunturu ya fara leƙowa. Ƙura na kwanciya a kan fili cikin dare, sai an share kafin a fara, in ba haka ba santsi yake yi. Ƙwallo kuma ta fi gudu a busasshiyar iska. Mun ƙara minti goma na ɗumama jiki. Na yi mata rajistar wata gasar yara 'yan ƙasa da shekara 14 da za a yi a Kaduna tsakiyar wata.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Mun dawo daga Kaduna jiya da daddare. Ni da ita da mamanta muka je, muka sauka a gidan ƙanwar mamanta, wannan ya ɗauke mana kuɗin otal. Mota zuwa da dawowa mu uku 66,000, kuɗin shiga gasa 10,000, abinci da ruwa da zirga-zirgar cikin gari kusan 40,000. Kuɗin motar koci da masaukinsa 55,000, mu da wani uba muka raba.

Wasan farko ta ci 6-2, 6-1. Na biyu ne ya nuna mana gaskiyar inda muke. Ta haɗu da wata yarinya da ta zo daga kudu, ba ta fi ta ƙarfi ba, ba ta fi ta gudu ba, amma ta fi ta sanin gasa nesa ba kusa ba. Tun farkon wasan yarinyar ta gane cewa Auta ba ta son ƙwallo mai tashi sama a ɓangaren bakhan, wato bugun bayan hannu, daga nan ba ta sake ba ta wata iri ba. Ta ɗaga mata ita sama, ta jira. Auta ta ja da baya har kusa da wayar shinge, ta mayar da gajeriya, waccan ta shigo ta gama. Haka aka yi ta yi. Sabis na biyu kuma ya watse, ta zubar da maki 11 ta hanyar kuskure sau biyu a jere. An tashi 6-4, 6-2.

Akwai wani maki da ya tsaya mata a rai. A wasannin farko na irin waɗannan gasanni babu alƙali a kan kujera, yara ne ke kiran layin ɓangarensu. Ana 4-4 a zubin farko Auta ta buga fohan da ni daga inda nake zaune na ga ta taɓa layi, yarinyar ta ce waje. Doka ta ba ta wannan kira. Auta ta tsaya tana kallona, tana jiran in tashi. Ban tashi ba, domin iyaye ba su da ta cewa a cikin fili, abin da ya kamata ta yi shi ne ta nemi jami'in gasar ya zo ya tsaya. Ba ta san da haka ba, kuma daga wannan maki hankalinta bai dawo ba sai da zubin ya ƙare.

Abin da na fahimta shi ne atisaye ba ya koyar da wannan. Yarinyar can, a cewar mahaifinta, kusan kowane wata tana da gasa. Auta a shekarar nan duka wannan ce fitarta ta uku. Hazaƙa Allah ke bayarwa, amma sanin gasa sai an yi ta zuwa, zuwan kuma kuɗi ne.

Koci ya kafa sabuwar doka: daga yanzu in tana wasa zan zauna inda ba za ta gan ni ba, don ta daina neman amsa a fuskata. Sannan ba a maganar wasa a mota sai in ita ta tayar. Har muka wuce Zariya ba ta ce uffan ba. Wajen Kwanar Ɗangora ta ce, "Abba, ƙwallon nan fa ta shiga." Na ce na gani. Ta ce, "Amma ko an ba ni, da ta ci ni." Na yi shiru, raina kuwa ya yi fari da wannan magana fiye da cin wasan farko.

Wani abu kuma da ba zan bari ya wuce ba. A bakin fili wani mutum ya ja ni gefe, da ya ji ba mu yi mata fasfo ba tukuna, ya ce wannan ce damata, in rage mata shekara biyu, ta daɗe tana cin kofin yara. Na gode masa na ce a'a. Ban da cewa ƙarya ce, cutar yaron ake yi. Zai yi ta cin ƙananan da ba su kai shi ba, ya ɗauka ya iya, ranar da ya haɗu da sa'anninsa na gaskiya a waje sai a ga babu komai. Kuma takardun makarantarta da na asibitin da aka haife ta duk shekara ɗaya suke faɗa, haka za su ci gaba.

Talata, 25 ga Nuwamba

Ta tsaya a tsakiyar atisaye tana dafe gwiwar dama. Ashe ta kwana biyu tana jin zafin, ta ɓoye don kada a hana ta wasa. Mamanta ce ta tuna cewa tun makon jiya take karkata ƙafar in za ta yi sujada.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Mun ga likitan ƙashi. Ya danna wani ɗan tudu da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, ta zabura. Ya ce ciwon girma ne da ake kira Osgood-Schlatter, yana yawan kama yara masu wasanni a shekarun da suke miƙewa. Ƙashi na tsawo da sauri fiye da yadda naman cinya ke saki, sai jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa ta riƙa fizgar wurin da ta manne a ƙashin ƙwauri, wurin kuma bai gama ƙwari ba. Gudu da tsalle da birki a kan siminti su ke tayar da shi. Da na duba alamar da muke yi mata a jikin ƙofa, lallai ta ƙara tsawo sosai daga sallar layya zuwa yanzu.

Ya tambayi awa nawa take yi a mako. Da muka haɗa atisaye da wasan Asabar da gudun da koci ya ƙara mata bayan Kaduna da na makaranta, sai ga shi ta haura 13.

"Malam, ka riƙe wannan," in ji likita. "Kada awoyinta na wasa a mako su wuce yawan shekarunta. Shekararta 12, to 12 ce iyaka, kuma yanzu ma ba za ta kusanci haka ba."

Babu gudu babu tsalle har sai ta iya hawa bene da durƙuso ba zafi. Ƙanƙara a wurin minti 15 bayan duk wani motsi. Miƙar naman cinya gaba da baya safe da yamma. Ya ce ba abin tsoro ba ne, yakan tafi da kansa in girma ya tsaya, amma zai iya yi mata zuwa da komawa na tsawon watanni, wani lokaci fiye da shekara. Ganin likita da hoto da magani 47,000.

Ta yi kuka a mota. Tambayarta ɗaya ce, ko za ta rasa gasar ITF ɗin. Na ce gasa ba ta ƙarewa, gwiwa kuwa biyu gare ta.

Lahadi, 7 ga Disamba

Babu fili. Jarrabawar zangon farko ta fara, hutun ya zo daidai. Koci ya ba ta aikin gida: ta tsaya a tsakar gida ta riƙa jefa ƙwallo sama da hannun hagu, ta faɗo a kan fuskar raket da aka ajiye a ƙasa gaban ƙafarta. Ya ce rabin matsalar sabis ɗinta daga jifan nan take, kullum bayan kai yake tafiya.

Asabar, 13 ga Disamba

Kumburin ya ragu. Tana hawa bene ba ta ɗingishi. Sujada har yanzu da ɗan zafi.

Lahadi, 21 ga Disamba

Yau a gidan Hajiya aka tayar da maganar, kuma na ji daɗin da aka yi ta a fili. Yaya ne ya fara.

"Kai, wai wannan kuɗin da kake zubawa a ƙwallo, ina za shi? Yarinya ga ciwon ƙafa tun yanzu. In ta zama ƙwararriyar nawa ake samu?"

Tambaya ce ta gaskiya, kuma na daɗe ina yi wa kaina ita, don haka na ba shi lissafin yadda yake. A gasar Wimbledon ta bana, wanda aka fitar a zagayen farko ma ya tafi da fam 66,000. Wannan shi mutane ke gani a talabijin. Amma mutum 128 ne kawai ke shiga jadawalin maza, 128 na mata, a duk duniya. A ƙasan tsani, ƙaramar gasar ƙwararru ta ITF dala 15,000 ce gaba ɗaya kuɗinta, ita za a raba wa kowa da kowa, kuma ɗan wasa shi ke biyan jirginsa da masaukinsa. Ita kanta ITF ta yi bincike a kan kuɗin shekarar 2013, ta gano cewa sai mace tana cikin 253 na farko a jerin masu samun kuɗi, namiji cikin 336, kafin abin da suka ci ya rufe abin da suka kashe, ba a ma sa albashin koci a ciki ba. Dubban da ke ƙasa da haka daga aljihunsu ko na iyayensu suke wasa.

Yaya ya ce to ai na ba kaina amsa. Na ce ban gama ba. Hanyar ba ɗaya ba ce. Nduka Odizor, wanda ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, yaro ne mai tsintar ƙwallo a Legas, tanis ce ta kai shi Jami'ar Houston a Amurka kafin ya zama ƙwararre. Sadiq Abdullahi ya wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, ya yi karatu har ya zama dakta, ya koyar a Amurka. Ta kusa-kusan nan, Angella Okutoyi ta Kenya ta ci kofin 'yan mata na bibbiyu a Wimbledon a 2022, daga nan ta tafi Jami'ar Auburn tana karatu tana wasa. Jami'o'in can suna ɗaukar nauyin karatun 'yan wasa, abin da suke dubawa shi ne matsayin yaro a gasannin matasa da sakamakonsa na makaranta. Wannan ita ce ƙofar da nake hange. Shi ya sa ko kwana ɗaya ba zan cire ta daga makaranta saboda raket ba, duk da na san akwai masu yin haka. Na san kuma Ons Jabeur ta Tunisiya, wadda ta kai ta biyu a duniya a 2022, tun tana shekara 12 ta bar gida ta koma makarantar 'yan wasa a babban birninsu. Mu ba mu da irin wannan makaranta a kusa, kuma ko da akwai, ban shirya rabuwa da yarinya a wannan shekaru ba. In ta kai 16 sakamako ya nuna ta fi ƙarfin hanyar jami'a, sai a sake zama. Kafin nan babu wanda zai ɗora mata nauyin ciyar da gida.

Ita Hajiya ba kuɗin ne damuwarta ba.

"Ni dai sutura da tafiye-tafiyen nan. 'Ya mace ce."

Mamanta ta nuna mata hoton Kaduna a waya: dogon wando har idon sawu, siket a kai, riga mai dogon hannu, ƙaramin hijabi da ba ya tashi in tana gudu. Ta kuma tabbatar mata cewa ba inda Auta za ta kwana ba tare da ɗayanmu ba. Wannan ya ninka kuɗin kowace tafiya, na sani, amma ba abin da za a yi ciniki a kai ba ne. Hajiya ta daɗe tana kallon hoton, ta ce Allah Ya yi albarka, Ya tsare. Yaya bai ce ya gamsu ba, amma da za mu tafi ya ce in an zo yin fasfo in gaya masa.

Asabar, 3 ga Janairu, 2026

Likita ya ba da izinin komawa a hankali. Minti 40, rabin fili, babu gudun gefe da gefe. Numfashinta ya ragu sosai, cikin minti 20 ta fara haki. Jifan ƙwallo kuwa ya daidaita, yanzu gaba yake faɗuwa. Sakamakon makaranta ya fito, ta yi kyau ban da lissafi, za mu nemi mai yi mata darasi ranar Lahadi.

Lahadi, 11 ga Janairu

Awa biyar a makon nan. Zafi kaɗan ranar Alhamis, aka sa ƙanƙara, Juma'a ta huta. Sabis na biyu ya fara ɗaukar juyi, yana faɗawa cikin akwatin da aka zana wa sabis ya yi tsalle gefe. Cikin goma shida na shiga. Koci ya samo wani tsohon ɗan wasa mai haƙuri da zai riƙa ɗaga mata ƙwallo sama a bakhan, ita kuma ta koyi tarar ta tun tana tashi maimakon ja da baya. Naira 5,000 duk zuwa.

An yi fasfo, mai shafi 32 na shekara biyar, 100,000. Yaya ya biya rabi.

Asabar, 24 ga Janairu

Ta cika 13 a makon nan. Mun yi mata rajistar IPIN, lambar da ɗan wasa ke shiga gasannin ITF da ita ta intanet. Na zauna da koci muka tsara shekarar.

Doka ta ba mai shekara 13 damar gasa goma ta ITF kafin ya cika 14. Mu ko rabin haka aljihu ba zai ɗauka ba, gwiwar ma ba za ta ɗauka ba. Mun tsayar da uku, duka a matakin J30, wanda shi ne mafi ƙanƙanta. Za mu fara da wadda za a kawo Abuja, in hali ya yi mu ƙara ɗaya a Accra ko Lome, tunda ƙasashen ECOWAS ba sa buƙatar biza. Da yake ba ta da maki ko ɗaya, daga wasan share fage za ta fara, kuma za ta iya haɗuwa da 'yar shekara 17, don gasar ta kowa ce har zuwa 18. Koci ya gaya mata ƙarara cewa bana ba kofi za mu nema ba, so muke ta saba. Tsakanin waɗannan za mu cike da gasannin cikin gida na 'yan ƙasa da 14 da 16, duk wadda mota za ta iya kai mu.

Na ƙiyasta mako ɗaya a Abuja, mu biyu da rabin kuɗin koci, ba zai gaza naira 450,000 ba. Adashin da nake ciki zai fito a watan Maris, shi na ware wa wannan. Na rubuta takardar neman tallafi, na haɗa da sakamakonta na makaranta da na wasa, zan kai wa wasu 'yan kasuwa biyu da ke zuwa kallon gasar tanis ta Dala a nan Kano duk shekara. Ko ƙwallaye da takalmi kawai wani ya ɗauka, an rage mana kaya.

Azumi zai kama bayan tsakiyar Fabrairu, kuma ta ce bana duka za ta yi. Atisayen asuba zai tsaya. Za mu koma minti 45 kafin magariba, sabis da bugun kusa da raga kawai, ba gudu. Wasa mai nauyi sai dare bayan tarawihi sau ɗaya a mako, in mun samu iyaye uku ko huɗu da za mu haɗa kuɗin man janareta don fitilun fili. Biyu sun amsa, ranar Litinin zan tuntuɓi mahaifin yaron da suke wasan Asabar tare. Komawa wurin likita kuma 6 ga Fabrairu, kafin nan awoyinta ba za su wuce takwas a mako ba.